Tambaya da Amsa: Wa Ya Ƙera Yaron Nan Mai Lasar Zuma?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan abu ɗaya, wato adon cocin Turai na ƙarni na 18 da mutanen da suka yi shi da hannunsu, don haka muka haɗa su wuri guda, muka fara da wadda ta fi buƙatar dogon bayani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar silin ɗin fi'ofi ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Wani yaron shagona ya nuna mini hoton cikin wani coci na ƙasar Jamus a wayarsa, ko'ina fari fat da ruwan zinare, ga kuma mutum-mutumin wani yaro mai ƙiba, yatsa a baki, rungume da wani abu kamar amya. Yaron nawa ya ce ba dutse ba ne, da irin garin da muke kwaɓawa aka yi shi, ni kuwa na ce ƙarya ne, domin namu ba ya ƙyalli haka. Wa ya yi gaskiya a cikinmu, kuma wane ne ya yi wannan aiki?

AMSA: Wa alaikumus salam. Maigida, sai ka yi haƙuri, yaronka ne ya fi kusa da gaskiya. Cocin da kuka gani shi ne na Birnau, wanda yake kan tudu a bakin tafkin Konstans, a kudancin Jamus, inda ƙasar ta yi iyaka da Suwizalan da Ostiriya. Mutum-mutumin nan Jamusawa suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce “mai lasar zuma”, kuma abin da yake rungume da shi amya ce ta saƙa, kamar yadda ka yi zato. Wanda ya ƙera shi sunansa Joseph Anton Feuchtmayer, ana furta sunan kusa da “Foishtimaya”.

An haife shi a garin Linz na Ostiriya a shekara ta 1696, amma asalin gidansu Wessobrunn ne, wani ƙauye a yankin Bavariya wanda adon gini da kwaɓi shi ne sana'arsa kaka da kakanni. Masana sun ƙidaya sunayen masu wannan aiki fiye da 600 da suka fito daga wannan yanki a ƙarni na 17 da na 18, kuma rayuwarsu ta yi kama da ta 'yan cirani, sai dai lokacin ne ya sha bamban: su da zarar sanyi ya wuce suke fita ƙungiya-ƙungiya zuwa duk inda ake gini, su dawo gida idan hunturu ya kama, domin a sanyin ƙasarsu ruwan kwaɓi daskarewa yake yi, aiki ba ya yiwuwa. Mahaifinsa, Franz Joseph, yana cikin waɗanda yawo ya kai su nesa. Gobara ta cinye mafi yawan gine-ginen gidan ruhubanawan Salem, wato mazaunin Kiristoci masu keɓe kansu don ibada da ke kusa da tafkin Konstans, a 1697, aka shiga sake gini, shi kuwa ya samu aiki a wurin, ya zaunar da iyalinsa a ƙauyen Mimmenhausen da ke kusa. A nan yaron ya tashi, cikin ƙurar farar ƙasa da ɓawon katako, kamar yadda ɗan magini yake tashi da miƙa wa ubansa tubali tun bai san amfaninsa ba.

Ya yi koyo a birnin Augsburg wajen 1715, sannan ya nufi Weingarten, inda ake gina wani ƙaton coci, a nan ne kuma ya haɗu da mutumin da ya sauya masa hannu, wani Ba'italiye mai suna Diego Francesco Carlone. Abin da ya ɗauka a wurin Carlone shi ne amsar gardamarku, wato dabarar goge fuskar kwaɓi har ta riƙa sheƙi kamar dutsen mabul ko tangaran. Mahaifinsa ya rasu a 1718, yana ɗan shekara 22, ya gaji shago da ma'aikata da kuma alaƙar gidan da ruhubanawan Salem, waɗanda daga baya suka ba shi gona da gida a Killenberg. Daga nan aiki bai sake yanke masa ba har tsufa. Ya sassaƙa kujerun katako na ruhubanawa a Weingarten, ya yi siffofin sarakunan da suka kafa gidan ruhubanawan St. Peter a yankin Baƙin Daji na Jamus, ya yi ado a cocin tsibirin Mainau da ɗakin ibada na sabuwar fadar Meersburg, a shekarun 1760 kuma, da tsufa ya zo, ya yi aikin katako mai yawa a babban cocin St. Gallen na Suwizalan. Ya rasu a Mimmenhausen ranar 2 ga Janairu, 1770, kuma akwai ɗan gidan tarihi mai ɗauke da sunansa a ƙauyen a yau.

Birnau, wanda ruhubanawan Salem suka sa aka gina, shi ne aikin da aka fi saninsa da shi. An aza harsashin ginin a 1747, aka buɗe shi a watan Satumba na 1750, kuma mutum uku ne suka raba aikin a tsakaninsu: Peter Thumb ya tsara ginin, Gottfried Bernhard Göz ya yi zanen fenti na rufi, Feuchtmayer da yaransa suka yi bagadai, wato teburan ibada na coci, guda bakwai da siffofi da duk adon bango. Shi yaron mai zuma yana tsaye ne a gefen bagadin Bernard na Clairvaux, babban malamin ɗariƙar ruhubanawan Salem wanda ya rasu a 1153, mutumin da mabiyansa suka yi wa laƙabi da mai zuma a baki saboda daɗin wa'azinsa. Maimakon ya rubuta laƙabin a allo, sai Feuchtmayer ya tsayar da yaro ya saci zuma yana lasa, ya karkata jiki, ya waiwaya kamar wanda ya ji motsin uwarsa a bakin ƙofa. A ganina a nan gwanintarsa take, domin duk wanda ya taɓa kama yaro da hannu a cikin kwanon madi ya san wannan kallon, ko da bai taɓa jin sunan Bernard ba.

TAMBAYA: Shi dai wannan maigida ya ƙara da cewa: To Malam, in haka ne, yaya suka yi garin ya jira su? Mu in muka kwaɓa, kafin ka juya ya kama.

AMSA: Su ma da wannan matsalar suka yi ta fama, domin garin iri ɗaya ne. Dutsen jibsin ake gasawa a wuta mai sauƙi, wajen digiri 150, ya rasa kashi uku cikin huɗu na ruwan da ke jikinsa, a niƙa shi, in an sake ba shi ruwa sai ya koma dutse cikin mintoci kaɗan. Na taɓa tsayawa ina kallon wani mai sana'arku a wani gida da ake ginawa a hanyar Dutsin-Ma, na ga yana kwaɓa ɗan kaɗan a cikin rabin jarka da aka yanke, yana sauri kamar mai tuya, kuma sau biyu na ga ya kife ragowar a ƙasa don ta riga ta mutu a hannunsa. Mutanen Wessobrunn dabara biyu suka yi wa wannan. Ta farko, suna cuɗa jibsin da farar ƙasa da aka ƙona aka jiƙa ta daɗe a rami, tare da yashi mai laushi, ita kuwa farar ƙasa a hankali take bushewa, sai ta ba mai aiki lokacin da zai murza ganye ko ya lanƙwasa reshe da yatsa da ɗan cokalin ƙarfe. Ta biyu, suna kwaɓi da ruwan gam da ake dafawa daga fata da ƙashin dabbobi, wanda yake jinkirta kamawar na sa'o'i, kuma in ya bushe sai ya yi taurin da zai ɗauki guga.

Mutum-mutumi irin na Birnau ba curi guda ba ne. Da farko ana haɗa ƙashin bayansa da sandunan ƙarfe da katako da waya, a kafe shi a bango ko a kan dakali, a cika cikinsa da kwaɓi mai gautsi, wani lokaci har da gawayi ko ciyawa don kada ya yi nauyi, sannan a bi shi shafe bayan shafe, kowane ya fi na baya laushi, har a zo na ƙarshe wanda jibsin ne tsantsa da ruwan gam. In ya bushe sai a shiga guga da ruwa, a fara da dutse mai kaushi irin wanda mata ke goge ƙafa da shi, a sauya zuwa mai laushi, a cike duk ɗan ramin da ya bayyana, a sake gogewa, har a ƙare da dutse mai santsi ƙwarai. Wannan gugar ce take cin kwanaki, ita ce kuma bambancin silin ɗinka da fatar yaron mai zuma.

Ginshiƙan nan masu launin ja da toka da ruwan ƙasa da ka gani a hoton, waɗanda kowa zai rantse mabul ne, su ma yawancinsu kwaɓi ne. Ana raba curin gida-gida, a zuba wa kowane launinsa, a murza su kamar ƙullun alkaki, a haɗe su wuri guda ba tare da sun gauraye sarai ba, a yanka yanka-yanka da wuƙa, a manna a jikin ginshiƙi, a kankare, a goge, a shafe da mai ko kakin zuma. Amfaninsa shi ne mai aiki yana samun launin da yake so da lanƙwasar da yake so, abin da dutse ba zai ba shi ba, sai dai wahalarsa ta kai yadda a wasu lokuta kuɗin aikin yakan zarce na mabul ɗin gaske. Akwai wani bambanci kuma da ya kamata ka sani: ku mafi yawan adonku a cikin mazubi kuke zubawa, ku ɓamɓaro, ku manna, su kuwa ƙananan abubuwa masu maimaituwa kawai suke zubawa, manyan a jikin bango ake gina su da hannu, mutum yana tsaye a kan katako, kansa a ɗage.

TAMBAYA: Ina ɗaliba ce daga Daura, ina karatun zane-zane. Malaminmu ya ambaci salon Rokoko a aji bai yi bayani ba. Mene ne shi, kuma me ya sa aka daina shi?

AMSA: 'Yata, sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Faransanci da ake kiran adon tsakuwa da ɓawon katantanwa da ake mannawa a kogunan lambunan masu mulki. Salon ya taso a birnin Paris a farkon ƙarni na 18, ya bunƙasa a shekarun 1730 zamanin Sarki Louis na 15, kuma a can adon ɗakunan attajirai ne. Alamarsa ita ce lanƙwasa mai kama da ƙahon rago ko tafiyar maciji, da launuka masu haske, da kuma ƙin daidaita dama da hagu: in kika raba adon gida biyu, rabin nan ba zai yi daidai da wancan ba. Jamusawan kudu ne suka ɗauke shi daga falo suka kai shi coci, suka buɗe manyan tagogi don haske ya faɗa kan farin bango, suka bar adon ya hau ya cinye iyakar da ke tsakanin bango da rufi, har mai kallo ya kasa gane inda gini ya ƙare da inda zane ya fara. Cocin Wies na Bavariya, wanda Dominikus Zimmermann, shi ma ɗan Wessobrunn, ya gina tsakanin 1745 da 1754, yana cikin wuraren tarihi na duniya da UNESCO ta amince da su tun 1983.

Ƙarshensa ya zo da sauri. Masu ilimin zamanin sun fara ganin abin a matsayin almubazzaranci da wasan yara, suna kira a koma ga sauƙin ginin Girkawa da Romawa na dā, kuma a shekarar da Feuchtmayer ya rasu, 1770, mai mulkin Bavariya ya fitar da doka cewa a rage ado a sababbin cocin ƙauyuka. Almajirinsa ma, Johann Georg Dirr, da aka ba shi aikin sabunta babban cocin Salem bayan rasuwar maigidansa, da sabon salon miƙaƙƙun layuka ya yi shi. Sannan aka tsinke jijiyar sana'ar gaba ɗaya a farkon ƙarni na 19, lokacin da gwamnatoci suka ƙwace filayen gidajen ruhubanawa a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon. Salem ya koma hannun masarautar Baden, aka rufe Birnau a 1804, aka kwashe ƙararrawarsa, ya zauna a kulle fiye da shekara ɗari, sai a 1919 aka mayar da shi ga ruhubanawa. Rufewar nan ta yi masa rana ta wani ɓangare, tunda babu wanda ya damu da shi balle ya ce zai gyara shi zuwa sabon yayi.

Kada kuma ki manta da inda kuɗin ya fito. Gidan Salem ƙaramar masarauta ce mai ƙauyuka da gonakin inabi da dazuzzuka, shugabansa ba ya ƙarƙashin kowa sai babban sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamusawa a lokacin, kuma manoman da ke zaune a ƙasarsa suna biyan kaso daga amfanin gonarsu tare da aikin gayya na dole. Ruwan zinaren da ke bangon Birnau da gumin waɗannan manoma aka saye shi, kuma masu sukar salon a wancan lokaci ba su yi ƙarya ba da suka faɗi haka.

TAMBAYA: Ni malamin makarantar Islamiyya ne a unguwar Rafindaɗi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutane za su cika wurin ibadarsu da siffofin mutane da na mala'iku. Duk Kirista ne suka yarda da haka? Kuma Musulmi sun taɓa yin irin wannan sana'a?

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ba duka suka yarda ba, har rikici aka yi a kai. A ƙarni na 16, lokacin da 'yan Furotesta suka ɓalle daga cocin Katolika, birnin Zurich, wanda ba shi da nisa da tafkin Konstans, ya fitar da siffofi da hotuna daga cocinsa a 1524 bisa wa'azin Zwingli, jagoran 'yan Furotesta na birnin, aka shafe bango da fari. Cocin Katolika ya mayar da martani a babban taron Trent, wanda ya ƙare a 1563, inda ya tsayar da cewa a bar siffofin, bisa hujjar cewa girmamawar da ake yi musu tana komawa ne ga waɗanda suke wakilta, kuma suna koyar da wanda bai iya karatu ba. Saboda haka yawan adon da ake gani a yankunan Katolika na kudancin Jamus da Ostiriya yana ɗauke da saƙo ga maƙwabta, ƙari a kan cewa ƙasar tana sake gina kanta ne bayan ɓarnar yaƙin shekara talatin na 1618 zuwa 1648. Wannan bayanin tarihi ne na abin da su suka ɗauka. Hukuncin siffa a shari'armu kuwa Malam ya fi ni saninsa, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne.

Game da Musulmi, sun daɗe da ƙwarewa a sassaƙar jibsin. Bangon gidajen Samarra, babban birnin Abbasiyawa a Iraƙi a ƙarni na 9, cike yake da ita, haka ma fadar Alhambra ta Granada a Andalus, wadda mafi yawan adonta na ƙarni na 14 ne, da makarantun Fas da Marrakesh a Maroko, inda sana'ar take raye har gobe. Garin ɗaya ne, wuƙar ma kusan ɗaya ce, sai dai su sun zuba gwanintarsu a kan rubutun Larabci da ganyaye da lissafin kusurwoyi masu sarƙewa, musamman a masallatai da makarantu.

TAMBAYA: Wani dattijo daga Ƙofar Soro ya aiko a taƙaice: Duk wannan yabo da kuke yi wa Bature, namu maginan fa?

AMSA: Ranka ya daɗe, tambayar tana kan hanya. Maginin Hausa da yake zana dagi da takobi da sarƙa a fuskar zaure, yana danna ɗanyen yaɓe da yatsa kafin rana ta busar da shi, sannan ya bi shi da makuba ko laso don ruwa kada ya ci, aikinsa da na mutanen Wessobrunn dangin juna ne: sana'ar gado, tsere da bushewar kwaɓi, da ado wanda yake jikin gini ba rataye a kansa ba. Mu ma muna da wanda sunansa ya tsira, Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da zanen da ke jikin ginshiƙansa. Abin da ya bambanta mu shi ne takarda da kayan aiki. Ruhubanawan Salem sun ajiye yarjejeniyoyin aiki da lissafin kuɗin da suka biya, zanen Feuchtmayer na takarda ma da yawa sun tsira, shi ya sa ake iya cewa wannan nasa ne, wancan na almajirinsa ne. Adonsa kuma yana cikin ɗaki a ƙarƙashin rufi, namu kuwa yana waje yana shan damina, in aka yi 'yan shekaru ba a yi masa yaɓe ba sai ya narke, ko magada su rushe zauren su ɗora bulo. A cikin birnin Katsina da Daura har yanzu akwai tsofaffin magina da suka san wanda ya yi zanen gidan wane da wanda ya koya masa, kuma ɗalibar nan tamu ta Daura, wadda za a nemi ta rubuta kundin kammala karatu, tana iya farawa da Sarkin Magina na garinsu, ta tafi da littafi da waya mai ɗaukar hoto.